Farautar Tsofaffin Motoci Daga Gagarawa Zuwa Maigatari

A manyan biranen Amurka akwai mutanen da in ranar hutu ta zo sai su rataya kyamara, su bi unguwa-unguwa suna neman tsofaffin motocin da aka ajiye a bakin titi. In suka ci karo da Chevrolet Impala ta 1964, ko Ford Mustang ta farko, ko ɗaya daga cikin bas-bas ɗin nan masu gajeren hanci irin su Ford Econoline, sai su ɗauki hotonta, su rubuta shekarar ƙirarta da titin da suka gan ta, su nuna wa 'yan uwansu masu irin wannan sha'awa. A jihohi da dama na ƙasar, motar da ta kai shekara 25 tana iya samun lamba ta musamman, irin wadda ake ba kayan tarihi.

In da za a auna mu da wannan ma'auni, da hanyar da ta bi ta Gagarawa zuwa Gumel har Maigatari ta zama gidan tarihi mai tafiya. A ƙananan hukumomi huɗu na masarautar Gumel, wato Gumel da Maigatari da Sule Tankarkar da Gagarawa, motar da ta shekara 25 ba ta ma shiga sahun dattawa ba. Akwai masu shekara arba'in da har gobe suke ɗaukar buhunan riɗi da zoɓo. Bambancinmu da Amurkawa shi ne, su sha'awa ce ta sa suka riƙe tsofaffin motocinsu, suna wanke su suna lulluɓewa, mu kuwa larura ce. Ta wannan fuska mun fi kama da mutanen Kuba, waɗanda takunkumin cinikin da Amurka ta ƙaƙaba musu bayan juyin juya halin 1959 ya tilasta musu raya motocin shekarun 1950 har suka zama abin da baƙi ke zuwa kallo a birnin Habana.

Ni ɗan Gagarawa ne, aikin jarida ya kai ni Kano, kuma na shafe shekaru ina irin wannan farauta a duk lokacin da na zo gida. Wayata cike take da hotunan motocin da abokan aikina suke kira gwangwani. Na fara ne domin nishaɗi, sai dai a 'yan shekarun nan na lura cewa da yawa daga cikin motocin da na ɗauka ba sa nan in na koma nemansu. Wannan shi ya sa na ga ya kamata in rubuta abin da nake gani, da abin da nake karantawa a jikinsu, tun kafin su ƙare.

Amurkar da ta ɓad da kama

Wanda ya zo ƙasar Lautai yana neman doguwar Cadillac mai fikafikai a baya zai koma hannu rabbana. Irin waɗannan motoci masu ƙasa-ƙasa da zuƙar mai ba don rairayinmu aka yi su ba. Amma Amurka tana kan hanyoyinmu, sai dai ta sauya tufa, kuma rabin daɗin farautar shi ne gano ta.

A fara da Bedford, motar nan mai bodin katako da iyayenmu suka hau zuwa Kano. Kowa ya san ta a matsayin motar Ingila, kuma haka ne. To amma kamfanin Vauxhall da ya ƙera ta ya kasance mallakin General Motors na Amurka daga 1925 zuwa 2017, kuma Bedford ta farko da ta fito a 1931 an gina ta ne a kan tsarin motocin kaya na Chevrolet da ake haɗawa a Ingila. Kafin ita ma, ƙananan motocin kaya na Ford da Chevrolet suna cikin waɗanda suka buɗe harkar sufuri a Afirka ta Yamma a shekarun 1920, domin ba su da nauyi, suna jure hanyar burji, kayan gyaransu kuma suna da sauƙin samu.

Haka kalmar jif da muke kiran duk wata doguwar mota mai ƙarfi da ita. Asalinta Jeep ce, ƙaramar motar sojan Amurka ta Yaƙin Duniya na Biyu. Land Rover da ta fito a 1948, wadda tsofaffinmu suka sani da jami'an gona da na lafiya, a kan ƙashin Jeep aka gwada samfurinta na farko. Land Cruiser kuwa, wadda ta zama raƙumin zamani daga Damagaram har Agadas, ta fara ne a 1951 da sunan Toyota Jeep, kafin a sauya mata suna. Ke nan motoci biyun da suka fi kowace mota sanin jigawa, kakarsu ɗaya ce, kuma Ba'amurkiya ce.

Wadda ba ta ɓoye asalinta ba ita ce Mack, mai dogon hanci da ɗan gunkin kare a bisa kai. Tsofaffinta suna nan suna jan tankar mai da tirelar shanu, kuma wanda ya saba zai gane rurin injinta tun kafin ta ɓullo.

Sai kuma wadda ta fi ba ni mamaki, wato Pontiac Vibe. An ƙera ta daga 2002 zuwa 2009 a wata masana'anta da ke Fremont a jihar Kalifoniya, wadda General Motors da Toyota suka haɗa hannu suka gudanar. Fatar ta Pontiac ce, amma injin na Toyota ne, ɗan uwan na Corolla, shi ya sa bakaniken Gumel ba ya jin tsoronta. General Motors ya durƙushe a 2009, aka rufe sunan Pontiac gaba ɗaya a 2010, masana'antar kuma ta koma hannun Tesla mai motocin lantarki. Sunan da ya mutu a ƙasarsa yana nan da ransa a tashoshinmu da ƙofar gidajen ma'aikatanmu. Nan da ɗan lokaci na farkon cikinsu za su cika shekara 25, su cancanci lambar tarihi a can inda aka haife su, alhali a nan ana ɗaura musu akuya a but.

Yadda ake karanta mota

Mota tana ɗauke da takardar haihuwarta a jikinta, kuma karanta ta ba ya buƙatar digiri. A ƙasan gilashin gaba, ta ɓangaren direba, akwai jerin haruffa da lambobi 17, tsarin da aka daidaita tun 1981. Na farko yana nuna ƙasar da aka ƙera ta: 1 ko 4 ko 5 Amurka ke nan, 2 Kanada, J Japan, W Jamus. Peugeot ta Faransa tana farawa da VF3. A motocin da aka yi wa kasuwar Amurka, na goma yana nuna shekara: Y ita ce 2000, lamba 1 zuwa 9 su ne 2001 zuwa 2009, A kuma 2010. Da wannan za ka gane cewa Toyota Sienna da ke lodi zuwa Kano da yawa daga cikin Camry ɗin da ke yawo a gari a jihohin Indiyana da Kentaki aka ƙera su, duk da sunansu na Japan. Za ka kuma gane cewa Ford Galaxy, tagwayen Volkswagen Sharan da muke kira Sharon, sunanta ne kawai na Amurka, amma na farkonta a Fotugal aka haɗa su.

Akwai wasu alamomin da suka fi wannan sauƙi. Motar da ta fito daga Amurka tana da ƙananan fitilu a gefe, ruwan ɗorawa a gaba, ja a baya, domin dokar ƙasar ta wajabta su tun 1968. Agogon gudunta manyan lambobinsa mil suke ƙirgawa, kuma mil ɗaya ya ɗara kilomita ɗaya da rabi kaɗan, don haka direban da ya ga allura a kan 80 yana gab da kilomita 130 ne ko bai sani ba. Wani lokaci za ka tarar da takardar wata jami'a ko wata ƙungiyar ƙwallo manne a gilashin baya, ta ƙi fita, ta ƙetare teku, ta sauka a Kwatano ko Legas, ta zo tana shan ƙura a tashar Sule Tankarkar. Nakan tsaya in kalli irin waɗannan takardu ina tunanin mutumin da ya manna su, wanda da wuya ya taɓa jin sunan garin da motarsa ta ƙare.

Gefen da sitiyari yake ma tarihi ne. Har zuwa ranar 2 ga Afrilu, 1972, Najeriya hannun hagu take bi kamar Ingila, alhali Nijar tana bin hannun dama kamar Faransa. Ma'ana direban da ya tsallaka iyaka a Maigatari a wancan zamani sai ya sauya hannu. In ka ga tsohuwar Land Rover ko Bedford mai sitiyari a dama an yasar da ita a bayan wani gida, akwai yiwuwar ta girmi wannan sauyi. Sauyin ne kuma ya share hanyar da motocin Amurka da Jamus da Faransa suke shigowa yau ba tare da an taɓa musu sitiyari ba.

Sarautar Fijo

Duk da haka, in ana maganar tsohuwar mota a wannan yanki, Peugeot ce sarauniya, wadda bakinmu ya mayar Fijo. Samfurin 404 ya fito a 1960, shekarar da muka sami 'yancin kai. Samfurin 504 ya biyo baya a 1968, ya lashe kambin motar shekara ta Turai a 1969. A 1975 masana'antar Peugeot ta Kaduna ta fara aiki a Kakuri, gwamnatin soja ta wancan lokaci kuma ta mai da 504 motar manyan ma'aikata. A daidai wannan zamani aka kafa Volkswagen a Legas, Steyr a Bauchi, Leyland a Ibadan, masana'antar manyan motocin Fiat a Kano, da ta Marsandi a Inugu, inda 911 mai gajeren hanci ta riƙa fitowa. Faransa ta daina ƙera 504 ta zama a 1983, amma Kaduna ta ci gaba da haɗa ta har tsakiyar shekarun 2000.

Daga wannan gida ne a-kori-kura ta fito. Sunan ma tarihi ne a dunƙule, domin yana nuna ranar da ƙaramar motar kaya ta zo ta karɓe aikin kurar da ake turawa da hannu. Wan mahaifina ya yi shekaru yana jan irinta tsakanin Gagarawa Tasha da ƙauyukan Medu da Zarada da Maikilili. A bayanta aka kai amaren danginmu da gadajensu da kwallayensu, a bayanta aka kai masu naƙuda asibitin Gumel cikin dare, a bayanta kuma aka dawo da gawar kakarmu. Ina yaro aikina shi ne riƙe galan ɗin ruwa, in ta yi zafi mu tsaya a gindin aduwa ya buɗe lagireto da tsumma, yana gargaɗina in ja baya. Ba a ba shi sadaki ko ladan jana'iza, amma babu wani babban al'amari da ya faru a gidanmu cikin shekara ashirin da motarsa ba ta halarta ba.

Wurin da wannan mota take da shi a tarihin yankin sai an dubi layin dogo za a fahimta. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, reshen da ya tashi daga Kano zuwa Nguru kuma ya kammala a 1930, ya bi ta Ringim da Taura da Gagarawa da Malam Madori. Dalilin da ya sa muke da Gagarawa Gari da Gagarawa Tasha ke nan. Gyaɗa da fatu da ƙiraga sukan taru a tasha a kan jakuna da raƙuma, jirgi ya kwashe. Da mota ta yawaita sai ta fara da yi wa jirgi hidima, tana kawo masa kaya daga ƙauye. Da jirgi ya raunana sai ta gaje shi baki ɗaya. Tsofaffin motocin da nake ɗauka hoto su ne suka riƙe tattalin arzikin wannan yanki a tsawon shekarun da dogo ya yi shiru.

Me ya sa suka daɗe?

Dalili na farko shi ne ƙasar kanta. A arewacin Amurka da Turai gishirin da ake watsawa a titi don narkar da ƙanƙara shi ke cinye ƙarƙashin mota da tsatsa. Mu nan damina wata uku zuwa huɗu ce, sauran shekara iska a bushe take, don haka ƙashin mota yana iya kai shekara arba'in bai ruɓe ba. Abokan gabar mota a nan su ne ƙura da zafi da lodin da ya wuce kima, kuma duk waɗannan injin da sifirin suke kashewa, abubuwan da ake iya cirewa a sa wasu.

Na biyu shi ne ƙirar. An yi 504 da tsayi daga ƙasa, tayoyin baya ke tura ta, ƙafafunta kuma suna da sassauci a kan gargada. In aka danne bayan a-kori-kura da kaya sai tayoyin da ke turawa su ƙara kama ƙasa, ga direbobinmu sun san dabarar rage iskar taya in za a shiga rairayi. Injinta kafireta ne da fulogi da kwantak, abubuwan da ido ke gani, hannu ke taɓawa. Ba ta da kwamfutar da za ta kulle ta saboda wata waya ta tsinke.

Na uku, wanda ya fi duka, shi ne mutane. Bakanike da mai walda da mai gyaran waya da mai bugun bodi da mai facin taya, kowannensu ya koyi aikin a gindin bishiya a hannun ubangidansa, kuma kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano tana ba su abin da ya gagara. Na taɓa tsayawa a wani gareji a Gumel inda wani dattijo yake daidaita kafireta, kunnensa a kusa da injin, idonsa a rufe. Na ce, "Baba, sannu da aiki, shekararta nawa?" Ya yi dariya ya ce in ina nufin bodi, ta girme ni, in ina nufin inji, wannan ne na uku, giyar kuma daga wata da ta yi haɗari aka ciro. Na riƙe wannan amsa domin ta nuna bambancinmu da masu sha'awar motoci na Amurka. A wurinsu darajar tsohuwar mota ita ce a same ta da injin da ta fito da shi daga masana'anta, lambarsa ta dace da ta bodi. A wurinmu irin wannan mota ba ta yi aiki ba ke nan. Tamu haɗin gambiza ce: fitilar wannan, kujerar waccan, ƙofar da aka ɗaure da igiya, bodin da maƙerin gida ya ƙara wa tsayi don ya ɗauki buhu goma a kan na da. Kowane faci shaida ne na wata matsala da wani ya warware da abin da ke hannunsa.

Alhamis a Maigatari

Wanda yake son ganin su a taru, ya je Maigatari ranar Alhamis. Kasuwar dabbobinta tana cikin mafiya girma a arewacin Najeriya, kuma tun daren Laraba motoci suke kwarara daga ɓangarori biyu na iyaka. Daga wajen Dungas da Magarya da Damagaram tsofaffin Land Cruiser da manyan Marsandi suke zuwa da lambar Nijar, an ɗora musu kaya har sun ninka tsayinsu. Daga namu ɓangaren ga Kanta, ga J5 ɗin Peugeot da aka daina ƙerawa tun farkon shekarun 1990 amma har yau take ɗaukar tumaki hawa biyu, ga Golf da aka cire wa kujerar baya, ga tireloli suna jiran shanun da za su kai Legas da Fatakwal. Ranar Lahadi kuma kasuwar Gujungu tana da nata rabon.

Ina da ƙa'idoji a wannan farauta. Ba na ɗaukar hoto sai na yi sallama na nemi izini, domin mutum da waya a hannu yana zagaya mota a garin iyaka yana iya zama jami'in kwastan a idon mai ita. Ina rufe lambar mota kafin in nuna wa kowa hoton. Ina kuma karanta abin da aka rubuta a goshinta da bayanta, domin a nan mai mota yake faɗin ra'ayinsa game da duniya: wani ya roƙi tsari daga mahassada, wani ya yi godiya ga ubangidan da ya saya masa, wani ya tunatar da mai bin bayansa cewa haƙuri maganin zaman duniya ne. Masu fentin da suke zana dawisu da zaki da furanni a bodin katako su ma suna ƙarewa, domin sabbin motoci takardar roba ake manna musu.

Siyasar iyaka ma a jikin motocin take. Karyewar darajar naira bayan tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ita ta mai da sabuwar mota abin da ya fi ƙarfin ma'aikaci, ta buɗe ƙofar motocin Kwatano. Daga 1 ga Janairu, 2017 gwamnati ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa. A watan Agustan 2019 aka rufe iyakokin, sai a Disamban 2020 aka buɗe huɗu, Maigatari na cikinsu. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli, 2023 aka sake rufewa har zuwa Maris na 2024. Duk lokacin da shigo da wata motar ya yi tsada, tsohuwar da ke gida takan sami ƙarin wa'adi, a sake yi mata zobe, a sake ɗinke kujera.

Abin da ke cinye su

Wannan karon lissafin ya juya. Kafin 29 ga Mayu, 2023 litar fetur ba ta kai naira 200 ba a farashin hukuma. Da aka cire tallafi ta haura 500, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce 1,000. Injin kafireta mai shekara arba'in yana shan mai fiye da na zamani, kuma fasinjan ƙauye ba shi da abin da zai biya ƙarin. Sai masu su suka fara jingine su. Babur ya karɓi fasinja, mai ƙafa uku ya karɓi ƙananan kaya, amalanken shanu kuma ya dawo da ƙarfinsa a hanyoyin gona. A wasu ƙauyukan kurar da aka kora ta dawo ta tarar da mai korarta a kan duwatsu, babu taya.

Motar da aka jingine kuwa tana da mai zawarci. 'Yan gwangwan suna zagaya gari da ƙauye da sikelinsu, suna sayen ƙarfe da kilo domin kamfanonin da ke narka shi su yi rodi. Magidancin da ke da tsohuwar Fijo a ƙofar gida, ga kuɗin makaranta, ga taki, ga maganin mahaifiya, ba wanda zai zarge shi in ya karɓi kuɗin. A cikin yini guda masu walda za su yanka ta gunduwa-gunduwa. Motar wan mahaifina haka ta tafi bayan rasuwarsa, da aka zo rabon gado, domin ba a raba mota gida tara amma ana raba kuɗi. Hoto ɗaya ne ya rage mana, shi ma an ɗauke shi ne don amaryar da ke tsaye a gabanta.

Hasarar kashi biyu ce. Ta farko ta yau ce, kuma ta fi gaggawa. A ƙauyukan da ke nesa da kwalta, tsohuwar a-kori-kura ita ce motar asibiti. Mace mai naƙudar da ta zo da gardama ba ta hawa babur, amalanke kuma ba ya sauri. Motocin zamani masu ƙasa-ƙasa suna tsayawa inda rairayi ya fara, masu ƙarfin shigarsa kuwa kuɗinsu ya fi ƙarfin direban ƙauye. Duk tsohuwar motar da aka yanka ba tare da wata ta maye gurbinta ba, wani ƙauye ya ƙara nisa da asibiti. Masu tsara sufuri da kiwon lafiya a jiha ya kamata su san yawan motocin da suka rage a kowace mazaɓa kamar yadda suke ƙirga rijiyoyin burtsatse.

Ta biyu ta tarihi ce. Motar da aka kashe Janar Murtala Muhammed a cikinta ranar 13 ga Fabrairu, 1976 tana nan a gidan tarihi na ƙasa da ke Onikan a Legas, da ramukan harsashi a jikinta, kuma duk wanda ya tsaya a gabanta ya san abin da ƙarfe ke iya faɗa wanda littafi ba zai faɗa ba. Mun iya adana abin da ya shafi shugabanni. Na talaka ne muke barin sikeli ya cinye. Jihar Jigawa an ƙirƙiro ta ne ranar 27 ga Agusta, 1991, kuma akwai motocin da ke aiki a kasuwanninta yau da suka girme ta, suka yi jigilar kayan ma'aikatan da suka bar Kano zuwa Dutse. Jikokinmu za su ga sirdi da alkyabba da kakaki, domin fada ta riƙe su, amma da wuya su ga motar da ta kai gyaɗar kakansu tasha.

Abin da za a iya yi

Ba na kiran kowa ya hana mai mota sayar da abinsa. Abin da nake gani mai yiwuwa ƙarami ne. Tsohuwar a-kori-kura ɗaya, da Bedford ɗaya mai bodin katako, da Land Rover ɗaya, kuɗinsu a farashin gwangwan bai kai na bikin buɗe ofis guda ba. Masarauta ko ƙaramar hukuma ko wani attajirin da mota ta yi wa arziki zai iya saye ya ajiye a ƙarƙashin rumfa, kuma harabar tsohuwar tashar jirgin Gagarawa wuri ne da ya dace, tunda daga nan labarin ya faro. Ɗaliban Kwalejin Ilimi ta Gumel za su iya zama da tsofaffin direbobi da bakanikai su naɗi muryarsu: wace hanya aka bi kafin kwalta, nawa ne kuɗin mota zuwa Kano a shekarar da aka sauya kuɗi daga fam zuwa naira, wa ya fara kawo mota garinsu. Ƙungiyoyin direbobi sun san duk waɗannan mutane da sunansu da gidajensu.

Kai kuma mai karatu, in aiki ya kai ka Dutse ko Kano ko Abuja kana zuwa gida da salla, akwai abin da ba ya buƙatar kasafin kuɗi. In akwai tsohuwar mota a ƙofar gidanku ko ta maƙwabta, ɗauki hotonta ta gaba da ta gefe da ta ciki, ka ɗauki rubutun da ke jikinta da ƙaramin allon ƙarfen da ke ƙarƙashin murfin inji. Sannan ka zauna da mai ita ka tambaye shi a wace shekara ya saye ta, a hannun wa, da kuɗin me, kuma wa da wa ta ɗauka. Ka rubuta amsar da kwanan wata, ka ba 'yan uwa su ma su ajiye. Masu sikeli suna zagayowa kowane mako, don haka a yi shi a wannan zuwan, kada a bari sai salla mai zuwa.